A Auna 'Ya'yanmu Da Tiya Ɗaya

Duk matar da ke zama gaban buhun hatsi a kasuwar Ballayara ranar Lahadi ta san abin da ke samun wanda aka kama da tiyar da aka bubbuge wa gindi. Ba a kai shi gaban alƙali, amma kafin la'asar labarinsa ya gama rumfuna, kafin wata Lahadin ya isa Tabla da Bankuku da Filinge, daga nan kuma sai dai ya sayar wa baƙo. Mutanen kasuwa ba su wasa da awo, domin kowa ya san abincinsa a cikin tiyar nan yake.

To, makaranta ma tana da tata tiyar. Ita ce makin nan da mushe ke rubutawa da jan bik a saman takardar yaro, kaza bisa 20. Da shi ake cewa wannan ya wuce aji na gaba, wannan ya maimaita, wancan ya kwashe kayansa ya koma gida. Da shi ake raba yabo, da shi ake duba wanda zai samu kuɗin tallafi in ya kai jami'a. Abin mamaki, mu da ba mu yarda a auna mana gero sai mun leƙa cikin tiya, mun bari ana auna mana 'ya'ya shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar yadda awon yake ba. Mu ne ke sayen kaye da bik da kayan makaranta, mu ne ke biyan kuɗin kwamitin iyaye, mu ne ke aika hatsi da ɗan kuɗin sabulu gidan da yaro ya sauka a gari. Amma in takardar sakamako ta zo, sai mu tambayi yaron da kansa: "Ka ci?" Ya ce ya ci. Shi ke nan, mu koma ga cinikinmu.

A gidan rediyon da mai wannan sharhi ke aiki, makon da sakamakon BEPC ya fito wayar sauraro ba ta hutawa. Cikin masu kira akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda tambayarta ta tsaya mana a rai. Ta ce ɗiyarta ta yi shekara huɗu a kwaleji ba ta taɓa maimaita aji ba, kullum takardarta na zuwa da 12 ko 13, har an sha rubuta ta cikin waɗanda aka yaba wa. Ranar da aka karanta sunayen waɗanda suka ci BEPC, babu sunanta, ko kusa ma ba ta zo ba. Sai matar ta ce: "Malam, ni ban yi lakwal ba. Amma takardu biyu sun saɓa. Wace ce ta yi mani ƙarya, ta makaranta ko ta gwamnati?"

Ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. A 2021, cikin yaran ƙasar nan da suka zauna BEPC, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci. A jarrabawar bak ta wannan shekara, waɗanda suka ci ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Yaran nan da suka faɗi ba daga sama suka faɗo ɗakin jarrabawa ba. Kowanensu ya bi aji-aji, an auna shi, an ce ya cika, an tura shi gaba. In buhu biyar suka bar Filinge da shaidar cewa kowane cike yake, aka je Yamai aka tarar huɗu ba su cika ba, ai kowane ɗan kasuwa ya san inda zai fara bincike.

Bari mu fara da yadda awon yake, don da yawa cikinmu ba a taɓa zaunar da mu an yi mana bayani ba. Kwaleji shekara huɗu ce, kuma ana ƙirga azuzuwan ne daga sama zuwa ƙasa irin na Faransawa: aji na 6, na 5, na 4, na 3, sai BEPC. Lise shekara uku, sai bak. A kowane darasi akwai ƙananan gwaje-gwajen da malami ke yi a aji, wasu ma ba sanarwa, akwai aikin da ake zaunar da yara su yi ƙarƙashin sa ido, sannan akwai babbar jarrabawar ƙarshen zango da yara ke kira kwampo. Ana haɗa waɗannan a fitar da makin darasin bisa 20. Sannan a haɗa na dukkan darussa a fitar da matsakaici, wato mwayan. Wanda ya kai 10 ya tsira. Wannan awo na 20 gadon Faransa ne. Can aka tsayar da shi a makarantun sakandare tun 1890, ita kuwa jarrabawar bak Napoleon ne ya kafa ta a 1808. Mun gaji tiyar, mun riƙe ta har yau.

Inda iyaye suka fi ruɗewa shi ne maganar nauyi, abin da 'yan lakwal ke ce wa kowefisiyan. Darussa ba farashinsu ɗaya ba, kamar yadda tiyar wake da tiyar dusa ba kuɗinsu ɗaya ba ko da kuwa duk tiya ce. Mu ɗauki misali da darussa huɗu, mu ƙaddara wasan motsa jiki nauyinsa 1, tarihi 2, lissafi 3, Faransanci 4. Yaro ya zo gida yana murna, ya ci 16 a wasanni, 15 a tarihi, 6 a lissafi, 7 a Faransanci. Uba ya haɗa a ka ya samu 44, ya raba huɗu ya samu 11, ya ce alhamdu lillahi, ɗana ya haye. Makaranta ba haka take lissafi ba. Za ta ninka kowane maki da nauyinsa: 16, da 30, da 18, da 28, jimla 92. Ta raba da jimlar nauyin, wato 10. Abin da ya fito 9.2 ne, yaro bai kai ba. Nauyin gaskiya na kowane darasi yana nan a rubuce cikin takardar sakamako, a layinsa daban. Duk wadda ta iya lissafin ribar kwanon mai, in aka nuna mata layin nan sau ɗaya, ba ta ƙara buƙatar kowa. Abin da za ta fara dubawa shi ne Faransanci da lissafi. In su biyun nan suna ƙasa da 10, to kada 16 ɗin wasanni ya sa ta yi guɗa.

Wannan shi ne tsarin a takarda, kuma in da ana bin sa yadda yake, da ba mu yi wannan sharhi ba. Sai dai tiyar na lanƙwashewa ta wurare da yawa, wasu da gangan, wasu kuma dole ce ta kawo su.

Na farko dai shekarar karatun kanta guntuwa ce. A takarda ana shiga a watan Oktoba a fita ƙarshen Yuni. A ƙauyukan Kurfai da Tagazar da Tondikandiya, ajin da aka yi da zana da kara ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu karan, kuma hadarin farko na damina shi ke rufe shi. A 2024 ma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba a ƙasa baki ɗaya. A ƙara da yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai. A ƙara da rashin tsaro, wanda ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi cikin shekarun nan, ya kwaso yara daga garuruwansu ya cusa su cikin azuzuwan da dama can sun cika. Malamin da ya koyar da rabin littafi, a kan rabin nan zai yi wa yara tambaya, kuma yaro mai ƙoƙari zai ci 13 da guminsa. Ita kuwa jarrabawar ƙasa littafin duka take tambaya, tambaya ɗaya ga ɗan Yamai da ɗan Shikal. A nan babu wanda ya yi ƙarya da baki, amma 13 ɗin nan rabin tiya ce. Abin da ya kamata shi ne makaranta ta faɗa wa iyaye a fili: bana kashi kaza na darasin lissafi muka samu yi. Ba mu taɓa jin daraktan da ya tara iyaye ya faɗi haka ba.

Sai maganar masu awon kansu. A 2017 gwamnati ta zaunar da malaman firamare 'yan kwantaragi, dubbai, ta yi masu gwaji da irin tiyar da suke auna yara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai 10 bisa 20. Kafin nan, binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada yaran ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaranmu da ke gama firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A daidai waɗannan shekaru kuma aka daina jarrabawar satifika ta ƙarshen firamare, aka yi kimanin shekara goma yara na shiga kwaleji da makin da makarantarsu ta ba su, sai a 2024 aka dawo da ita. Mun goyi bayan dawo da ita. Yaron da ya shiga aji na 6 bai iya karanta layi uku ba, malamin kwaleji ba shi da yadda zai yi da shi. Ko dai ya ba shi 3 ɗin da ya cancanta a kore shi, ko ya rufe ido ya ba shi 10 ya tura wa na gaba matsalar. Da yawa na biyun suke zaɓa, kuma ba don mugunta ba.

Wannan rufe idon har suna gare shi a makarantu. A ƙarshen shekara malamai na zama su duba makin kowane yaro, kuma in suka ga waɗanda suka faɗi sun yi yawa, a wasu wurare sai a sauko da shingen, a ce mai 9 da rabi ya wuce, wani lokaci har mai 9. Fansa ke nan. Ba mu ce a hana tausayi ba. Yaron da ya yi wata biyu kwance da zazzaɓi, ko wanda iyayensa suka gudo daga garinsu tsakiyar shekara, in ya tsaya a 9 da rabi ya cancanci a duba shi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a yi fansar a ɓoye, bana a 9, baɗi a 10, a wannan makaranta haka, a waccan daban, kuma uba bai san ɗansa hayewa ya yi ko ɗauke shi aka yi aka tsallakar ba. In an fanshi yaro, a rubuta a takardarsa cewa an fanshe shi, don uwarsa ta san hutun nan ba na tallar goro ba ne, na bitar karatu ne.

Sauran hanyoyin kuwa ba su da uzuri. Akwai malamin da ke buɗe darasin yamma na kuɗi ga yaran ajinsa, sai ka ga tambayoyin da ya yi da yamma su ne ke fitowa a gwajin safe. Wanda ubansa ya biya jika biyu a wata ya ci 15, wanda bai biya ba ya ci 6, alhali kansu ɗaya. Akwai takardar sakamako da ake sayarwa, yaro a kore shi daga makarantar gwamnati, bayan wata biyu ka gan shi a wata makarantar kuɗi a aji na gaba, da takarda mai hatimi. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa 'yan mata, wanda kowa ke raɗe-raɗinsa babu mai faɗa da ƙarfi: malami ya nemi yarinya, ta ƙi, makinta ya faɗi. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinyar da ke karatu. Amma doka ba ta aiki in yarinya ta san ko ta faɗa a gida ce mata za a yi ta yi shiru, ko kuma a cire ta daga makaranta a ɗaura mata aure. Iyaye mata, in ɗiyarku da ke cin 14 a wani darasi ta koma cin 5 cikin zango ɗaya, kuma a darasin nan kaɗai, ku ja ta ɗaki ku tambaye ta a hankali kafin ku yi mata faɗa.

Kada kuma mu ɗora wa malamai komai. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ke kai wa mushe rago ana saura mako biyu zaman ƙarshen shekara? Wa ke zuwa ofishin darakta da babbar riga ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan nawa ne, a duba"? Mu ne, 'yan kasuwa, domin mu ke da abin bayarwa. Malami ɗan kwantaragi da ya yi wata biyu bai ga kuɗinsa ba, wanda ke cin bashin shinkafa a shagon Alhaji, in ɗan Alhajin ya tsaya a 8 hannunsa rawa zai yi. Alhajin na ganin ya taimaki ɗansa. Abin da ya saya kuwa shekara ɗaya ce ta jinkiri, domin a ɗakin BEPC ana rufe sunan yaro, kuma mai gyaran takardar bai san shagon kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai kuma malamai, kuma su ne masu yawa, da ke gyaran takardu ɗari da fitilar hannu, suna ba kowa abin da ya samu, suna shan zagin iyaye a kan haka. Su ne cinikin maki ya fi cuta, domin yaro ya daina bambanta 12 ɗin gumi da 12 ɗin rago.

Mu zo kan yabo. A ƙasan takardar sakamako akwai wurin da malamai ke rubuta hukuncinsu. Ta gefen alheri akwai allon girmamawa, wanda yara ke kira tablo donar, akwai ƙarfafa gwiwa, akwai taya murna, wadda ita ce ƙololuwa. Ta ɗaya gefen akwai gargaɗi, akwai tsawatarwa, ko don rashin ƙoƙari ko don rashin ɗa'a. Abu ne mai kyau, yabon gwani ya zama dole. Amma ku tambayi iyaye goma a tashar Tabla maki nawa yaro zai ci ya hau allon nan, ba za ku samu amsa ɗaya ba. Ku tambayi yaran kansu, za su ce ai ya danganta da malamai. Yabon da ba a san ƙa'idarsa ba, yara ba su ɗaukar sa a bakin komai, sai su ce ɗan wane ne shi ya sa. Kuma yabon da aka rubuta da Faransanci a ƙasan takarda, aka ninke aka sa a aljihu, uwa ba ta ji ba, unguwa ba ta ji ba, ina amfaninsa?

A bak dai ƙa'idar a fili take, kuma ya kamata kowane uba ya haddace ta. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 an ci ne kawai. Daga 12 an ci da ɗan yabo, daga 14 da yabo, daga 16 da babban yabo. Waɗannan darajoji ba ado ba ne. Ana duba makin bak wajen ba da tallafin karatu ta hannun hukumar ANAB, ana duba shi wajen zaɓen waɗanda za a tura karatu ƙasashen waje da waɗanda za su shiga fannonin da kowa ke rububi, irin su likitanci. Tsakanin 11 da 12 maki ɗaya ne, amma ga ɗan mai sayar da kayan miya yana iya zama bambancin karatu da tallafi da karatu da bashi. A jami'a ma, ko ta Abdu Mumuni a Yamai ko ta Bubakar Ba da aka kafa a Tilaberi a 2014, tiyar ba ta canja ba, 10 bisa 20 ce, sai dai can ana tara abin da ake kira kiredi, 30 a kowane zango, 180 kafin a ba ɗalibi digirin farko na shekara uku. Yaron da ya saba a ɗauke shi a tsallakar, can zai tsaya yana maimaita shekarar farko, iyaye na ta aika kuɗin haya.

Masu kai 'ya'yansu Sakkwato ko Kano ko Zariya su sani can awon daban ne, kada su ruɗe. A jarrabawar WAEC darajoji daga A1 suke zuwa F9, kuma ƙaramar lamba ita ce babba. Jami'o'in can na neman aƙalla C6 a darussa biyar, ciki har da Ingilishi da lissafi. A yawancinsu kuma digiri mai daraja ta ɗaya sai wanda matsakaicinsa ya kai 4.50 bisa 5. Mun taɓa jin uban da ya yanka kaza don ɗansa ya ci 9 a wani darasi a can, yana zaton kusa da 10 ne. Faransa kuwa, wadda muka gaji tiyarta, a 'yan shekarun nan kusan tara cikin goma na masu zama bak ke ci, har su kansu suna gardamar ko takardar tana da sauran daraja. Mun kawo wannan ne don masu cewa maganin faɗuwar yaranmu shi ne a sassauta jarrabawar ƙasa. In aka rage girman tiya, adadin tiyoyi zai ƙaru, amma hatsin da ke cikin rumbu yana nan yadda yake.

Mai wannan sharhi ya zauna bak, kuma yana tuna wani malami a wata lise da ba za mu ambata ba, wanda shekara guda cur bai taɓa mayar mana da takardar gwaji ko ɗaya ba. Sai dai ya shigo ya karanta: wane 7, wance 11. Ka tambayi inda ka yi kuskure, ya ce kai ne za ka koya masa aiki? Har yau ban san abin da na ɓata a darasin nan ba. Daga nan ne buƙatarmu ta farko ta fito, kuma ba ta cin ko dala: duk takardar da aka gyara a mayar wa yaro ita, da alamar inda ya samu da inda ya rasa, a kuma gyara tambayoyin a allo gaban aji. Yaron da ke ganin an tauye shi ya samu kwanaki ƙididdigaggu da zai kai kuka, wani malamin darasin ya sake dubawa. Malamin kirki ba ya tsoron wannan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muna kuma kira ga hukumomin ilimi na Filinge da Ballayara da Abala su sa kowace kwaleji da lise, ta gwamnati da ta kuɗi, ta tara iyaye a farkon shekara ta karanta masu dokokinta: nauyin kowane darasi, makin wucewa, sau nawa ake maimaita aji kafin kora, sharaɗin fansa, makin da ke kai yaro allon girmamawa, da laifin da ke hana shi ko da ya ci makin. A karanta da harshen da mutane ke ji, Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a manna a ƙofar makaranta, a kawo mana gidan rediyo mu watsa. Tun Maris 2025 kundin ƙasa ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, saboda haka babu hujjar a ci gaba da ɓoye wa uwa makomar ɗanta cikin harshen da ba ta ji. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a ba harsunanmu wurinsu a makaranta. Shekara sittin ke nan da 'yan kai.

Akwai wata dabara da ke saurin tona tiyar da aka bubbuge: makarantun yanki ɗaya su riƙa yin kwampo ɗaya, tambaya ɗaya, rana ɗaya, a yi musayar takardu, malamin wannan gari ya gyara na wancan, ba tare da ganin suna ba. Ko sau ɗaya aka yi a shekara, tun daga aji na 5, ya isa. Mai ƙuli-ƙulin nan da ta kira mu, da an yi haka, da tun ɗiyarta na shekara ta biyu ta san gaskiyar 13 ɗin nan, da sauran lokacin gyara. A ƙarshen shekara kuma kowace makaranta ta manna lambobi biyu gefe da gefe: yara nawa ne 'yan aji na 3 suka kai 10 a cikin aji, nawa ne kuma suka ci BEPC. Makarantar kuɗin da ke tallar kanta a rediyo ta fara da wannan. Iyaye sun iya karanta lamba ko ba su iya karanta Faransanci ba.

Saura namu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na tara kuɗi don gyaran rumfuna, don ta'aziyya, don tarbar baƙi. Mata na da adashi a kowace unguwa. Zubi ɗaya a shekara ya isa a sayi littattafai da fitila mai aiki da hasken rana, ko keke ga yarinyar da ke tafiyar kilomita da yawa zuwa kwaleji, a raba a bainar jama'a, gaban mai gari da limami da iyaye, a kira sunan yaro a kira na uwarsa. Sharaɗinmu shi ne a bayar bisa makin kwampon da aka yi musayar gyaransa, kuma wanda ya ba da kyauta kada ya zauna cikin masu zaɓe. A ware kyauta ɗaya ga wanda ya fi kowa matsawa gaba, wanda ya tashi daga 6 ya kai 10, domin na ɗaya a aji sau da yawa an san shi tun shekarar farko, sauran yara tamanin kuwa sun riga sun fid da rai.

Takardar sakamako kuma a daina ba yaro ita a hannu. Uba ko uwa ko mai masaukinsa ya zo ya karɓa, malami ya nuna masa layin nauyi da layin Faransanci da lissafi, ya sa hannu ko ya dangwala. Ƙungiyar iyaye mata da ke makarantu da yawa ta ɗauki wannan aiki, ta bi gida-gida ta sanar da ranar. Daraktoci na kukan cewa in sun kira taro iyaye ba su zuwa. Gaskiya ne, amma su ma su duba ranar da suke sawa. A yankin nan duk taron da aka sa ranar Lahadi, ko ranar Asabar da yamma lokacin da ake ɗaurin kaya, kujeru za a yi wa jawabi, mutane na hanyar Ballayara. A tambayi matan kasuwa ranar da ta fi masu sauƙi, a sa shi bayan la'asar, kuma a yi shi kafin kwampon zangon farko.